Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Ɗaukar Nauyin 'Yan Mishan da Ke Zuwa Daga Ƙasashen Waje?

TAMBAYA: Ni mai sayar da littattafai ne a Bata, nan Kano. Kwanan baya na kai mahaifiyata asibitin ido na ECWA aka cire mata yana. Muna zaune a layi sai wani dattijo ya ce mana Turawan mishan ne suka kafa wurin tun kafin a haife shi. Da na koma rumfa na ba maƙwabtana labari, sai gardama ta kaure. Wani ya ce gwamnatin Amurka ce ke biyan irin waɗannan mutane albashi. Wani ya ce daga fadar Fafaroma ake aiko musu. Na uku ya ce ai su da kansu attajirai ne, kuɗi ne ya yi musu yawa. Don Allah a raba mana gardama. Mutum ya baro ƙasarsa da mata da 'ya'ya, ba ya saye ba ya sayarwa, wa ke ci da shi?

Daga wani mai karatu, Bata, Kano.

AMSA: Allah ya ƙara wa mahaifiya lafiya, ya bar mata ganinta.

Kowane cikin maƙwabtanka ya kama wani ɗan gefe na gaskiya, amma babbar hanyar kuɗin babu wanda ya ambata ta a cikinsu. Mafi yawan abin da ke riƙe 'yan mishan daga aljihun talakawan majami'u yake fitowa: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, manoma, tsofaffin da suka yi ritaya, kowa da ɗan abin da ya ɗauki alkawarin bayarwa duk wata. Sannan babu wani baitulmali guda da duka suke ɗiba. 'Yan mishan ba jinsi ɗaya ba ne, kowace ɗarika da yadda take ciyar da nata, wasu ma ba sa ga maciji da juna kan wannan batu na kuɗi.

Mu fara da asibitin da ka je. An buɗe shi a 1943, wani likita mai suna Douglas Hursh ne ya kafa shi a ƙarƙashin ƙungiyar SIM, wato Sudan Interior Mission. Asalin ƙungiyar kuwa samari uku ne, Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent, waɗanda suka sauka Legas a watan Disamba na 1893 da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Sun nemi manyan ƙungiyoyin mishan na lokacin su ɗauki nauyinsu, ba wadda ta yarda. Da ɗan abin hannunsu da gudunmawar 'yan'uwa da abokai suka taso. Cikin kamar shekara guda biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma Kanada da zazzaɓi a jiki, kuma sai a 1902 ƙungiyar ta samu wurin zama na farko a Pategi. Yawancin sauran rayuwarsa, har ya mutu a 1942, a yawon majami'u da buga mujalla ya yi ta, yana ba da labarin wannan ƙasa tamu ga mutanen da ba su taɓa ganin ta ba, don su ba da kuɗi ko su ba da 'ya'yansu.

SIM na cikin ƙungiyoyin da suka bi sawun Hudson Taylor, Baturen Ingila da ya kafa mishan a ƙasar Sin a 1865. Ƙa'idarsa mai tsauri ce: ba a cin bashi, ba a yi wa ma'aikaci alkawarin albashi tsayayye, ba a kuma roƙon kowa kuɗi kai tsaye. A yi addu'a, abin da ya shigo shi ne rabo. Shekaru da yawa SIM ta yi tana tara duk abin da ya shigo wuri guda a raba wa kowa, kamar yadda ake yi a gandu, kowa ya yi noma amma rumbu ɗaya ne. Likitan da ke fiɗar ido da matar da ke koyar da karatu a ƙauye kusan abu ɗaya suke karɓa. Watan da aka samu da yawa a wadata, watan da aka samu kaɗan kowa ya ɗaure ciki. Har tsofaffin tufafi majami'u kan tara a ganguna su aiko musu ta jirgin ruwa. Don haka maƙwabcinka da ya ce attajirai ne, a idon mutumin Fagge na 1945 da ke ganin Bature da mota da gidan kwano, ba a ce ya yi ƙarya ba. Amma a ma'aunin ƙasarsu, likitan da ya zo nan ya bar ninkin-ba-ninkin abin da yake karɓa.

A yau wannan tsari ya sauya kama. A yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi kowane ma'aikaci shi ke nemo masu ɗaukar nauyinsa, kuma an daina jin kunyar faɗin buƙata. Ga yadda abin ke tafiya. Idan ƙungiya ta tantance mutum ta karɓe shi, sai ta zauna ta yi masa lissafin abin da zamansa zai ci a ƙasar da za shi: abinci, haya, kuɗin jirgi zuwa da komowa, inshorar lafiya, ajiyar fansho, biza, koyon harshe, da kuɗin makarantar yara. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa tun da wuri suka gina makarantun 'ya'yansu a Filato, Hillcrest a Jos a 1942 da Kent Academy a Miango. Idan an gama lissafi sai a miƙa masa adadi, a ce je ka nemo.

Daga nan sai ya shiga mota shi da matarsa, wani lokaci har da yara a kujerar baya, suna bin majami'u ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadi fasto ya ba shi minti biyar ko goma a gaban jama'a, ya nuna taswira da hotuna, ya faɗi aikin da zai yi. A bakin ƙofa ya ajiye tebur da 'yan katuna masu hoton iyalinsa. Wanda zuciyarsa ta motsa ya ɗauki kati ya rubuta abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya kai katin gida ya manna a ƙofar firji don ya riƙa tunawa da su a addu'a. Da yamma kuma a gayyace shi cin abinci a gidan wani, ya sake maimaita bayanin ga mutum shida ko takwas. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: a ce iyali na buƙatar dala 5,000 a wata. Majami'arsu ta gida ta ɗauki 1,000, wasu majami'u huɗu kowace 250, sauran 3,000 ɗin kuwa sai an samu mutum sittin masu ba da hamsin-hamsin. Tara mutum sittin da za su riƙe alkawari shekara da shekaru ba wasa ba ne. Yakan ɗauki shekara guda, wani lokaci biyu, kuma ƙungiyoyi da yawa ba sa barin mutum ya sayi tikiti sai alkawuran sun cika ko sun kusa.

Kuɗin ba hannunsa ake danƙawa ba. Asusun ƙungiya ake biya, ita ke ba mai bayarwa rasit, ta cire wani kaso na gudanar da ofis, galibi wajen kashi goma cikin ɗari ko sama da haka kaɗan, sannan ta riƙa tura masa na wata-wata. Shi kuma wajibinsa ne ya riƙa rubuta wasiƙar labari, da can ta gidan waya, yanzu ta imel ko WhatsApp: ga abin da muka yi, ga abin da ya gagara, ga wanda ba shi da lafiya, ku yi mana addu'a. Bayan 'yan shekaru ya koma gida na wasu watanni. Sunan tafiyar hutu, amma rabinta a kan hanya take ƙarewa, domin sai ya zagaya ya gaida masu ba shi, ya kuma nemo waɗanda za su maye gurbin wanda ya mutu, ko ya rasa aiki, ko ya gaji.

Wannan tsari yana da ƙarfi, yana kuma da rauni, kuma daga wuri ɗaya suke fitowa. Ƙarfinsa shi ne kuɗin na tafe da zumunci. Tsohuwar da ke ba da dala ashirin ta san sunan mutumin, ta san sunayen 'ya'yansa, ba ta jin tana zuba kuɗi a rami. Rauninsa kuwa, mai baki shi ke samu. Likitan yara mai hotunan jarirai ya fi saurin cika adadinsa a kan akawun da zai je ya riƙe littafin kuɗin asibiti, alhali asibitin ba ya tafiya sai da akawun. Wanda ya fito daga majami'ar masu hali ya fi wanda ya fito daga ta talakawa. Akwai kuma jarabar da ni na fi ƙi: mutum ya san hoton yaro mai ƙuda a ido ya fi hoton ɗalibin jami'a jawo kuɗi, sai wasiƙunsa su cika da yunwa da tsummoki, har mai karatu a can ya ɗauka ƙasar gaba ɗaya haka take. Masu gaskiya cikinsu sun san da wannan, suna kuma tsawata wa juna a kai, amma muddin tuwon mutum ya rataya a kan yadda labarinsa ke taɓa zuciya, jarabar ba za ta gushe ba.

Ba kowa ke yawon nan ba. Akwai ɗarikun da ke biyan nasu daga babban asusu, ma'aikaci ya san abin da zai karɓa. Haka CMS ta Angilikan, wadda aka kafa a Landan a 1799, ta yi da mutanenta. Ita ce ta turo ayarin Bishof Tugwell da suka iso Kano a 1900, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Likita Walter Miller na cikin wannan ayari, shi ne ya zauna birnin Zariya daga 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa. Amma ko asusun CMS ɗin, in ka bi salsalarsa, akwatunan gwangwani ne da ake ajiyewa a gidaje da makarantun Lahadi a Ingila, yara na jefa kwabo.

Babban misalin wannan tsari a yau shi ne Baftis na kudancin Amurka, waɗanda mutuminsu na farko, Thomas Bowen, ya iso ƙasar Yarbawa a 1850. Tun 1925 majami'unsu suka amince kowace ta riƙa ware wani kaso na abin da ta tara ta tura asusun haɗin gwiwa. Ban da wannan, duk lokacin Kirsimeti suna yin baiko na musamman da sunan Lottie Moon, wata mata da ta yi aiki a Sin ta mutu a 1912. Na farko da aka yi a 1888 dala dubu uku da 'yan kai ya tara. A 'yan shekarun nan yana kaiwa wajen dala miliyan 200 a shekara, ana riƙe ma'aikata wajen 3,500 a faɗin duniya. Kada wannan adadi ya sa ka ɗauka rijiyar ba ta ƙafewa. A 2015 hukumarsu ta bayyana cewa cikin shekara shida ta kashe dala miliyan 210 fiye da abin da aka ba ta, tana cike giɓin da sayar da kadarori da taɓa ajiya. Kafin tsakiyar 2016 mutum sama da 1,100 sun bar aiki, yawancinsu an kwaso su daga ƙasashen da suka daɗe a ciki.

Maƙwabcinka mai maganar Fafaroma yana da hujja, amma kan Katolika kaɗai, don ECWA da Baftis da Angilikan ba ruwansu da Rum. Ko a Katolikan ma, fadar Fafaroma rabawa take yi, ba ita ke samarwa ba. Wata budurwa mai suna Pauline Jaricot ce a birnin Lyon na Faransa ta fara tara mata masu aikin saƙar siliki, goma-goma, kowace ta ba da ɗan ƙaramin tsaba guda a mako. Daga nan aka kafa ƙungiyar tara kuɗin yaɗa addini a 1822. A 1926 Fafaroma Pius na 11 ya ware Lahadi guda cikin watan Oktoba, wadda duk majami'un Katolika na duniya ke tara baiko don aikin mishan. Duk duniya na ce, har da cocin Our Lady of Fatima da ke nan Kano. A tara, a kai lissafi Rum, a raba wa yankunan da ba su tsaya da ƙafarsu ba. Su kuma fada-fada da sistoci da suka zo nan, irin na ƙungiyar SMA da aka kafa a Lyon a 1856, da sistocin St. Louis da suka zo Kano daga Ayalan a 1948 suka kafa makarantar 'yan mata, ɗawainiyarsu ba ta kai ta mai iyali ba. Ba aure, ba kuɗin makarantar 'ya'ya. Sista ta yi alwashin ba za ta mallaki komai na kanta ba, ko albashin koyarwa aka biya ta, asusun ƙungiya yake shiga, ƙungiyar ce ke ci da ita har tsufa.

Saura maganar gwamnati, wadda na san ita ce ta fi zafi a gardamarku. A zamanin mulkin mallaka mutane da yawa na ɗauka Joji da ɗan mishan bakinsu ɗaya. A ƙasar sarakunan Musulmi ba haka abin ya kasance ba. Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta shiga harkar addini ba, kuma shekaru kusan talatin jami'an Ingila na taka wa 'yan mishan birki, galibi suna hana su zama cikin birane. Rubuce-rubucen 'yan mishan na lokacin cike suke da ƙorafi a kan haka. Ƙofar da ta buɗe musu ita ce ta magani. A 1937 SIM ta karɓi ragamar asibitocin kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A nan kam kuɗin hukuma ya shiga, amma ba na Landan ba. En'e ce ke ba da wuri da wani kaso na kuɗin gudanarwa, mishan ta kawo likita da masu jinya, ƙungiyoyin yaƙi da kuturta na Ingila da Amurka su ƙara nasu. Wato harajin talakan Kano na cikin abin da ya riƙe Yadakunya. An yi magani a wuraren nan, an kuma yi wa'azi, wasu sun shiga Kiristanci, musamman yaran da suka tashi a can, kuma hakan ya sha jawo taƙaddama da sarakuna. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe yawancin asibitoci da makarantun mishan.

A yau gwamnatin Amurka ba ta biyan kowa albashi don ya je ya yi wa'azi, tsarin mulkinta ma bai yarda ba. Amma akwai taimako ta bayan gida, kuma ba ɓoyayye ba ne. Ba'amurken da ya ba ƙungiyar addini mai rajista kuɗi yana iya neman ragin haraji a kan abin da ya bayar, ko coci ya ba ko masallaci. A Ingila, idan mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji fam guda, hukumar haraji kan ƙara mata kwata na fam. A Jamus hukuma ce ke karɓar wa majami'u harajin coci daga mabiyansu masu rajista, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin da mutum ke biya. Sannan akwai kuɗin ayyuka. Shirin yaƙi da cutar ƙanjamau na PEPFAR da aka fara a 2003 ya bi ta asibitocin mishan da yawa a Najeriya, da sharaɗin magani za a saya, ba wa'azi ba. Mai lura zai ce idan wani ya ɗauke maka kuɗin magani, ai naka ya huta ka yi wani abu da shi, kuma wannan magana ce mai ma'ana. Sai dai da gwamnatin Trump ta rushe hukumar USAID a 2025, asibitoci da shirye-shiryen lafiya ne suka ji jiki. Masu wa'azi ba daga can suke ci ba tun farko.

Akwai kuma masu ci da kansu. Kiristoci na kafa hujja da Manzo Bulus, wanda ke ɗinkin tanti yana wa'azi. Mishan ɗin Basel ta Suwizalan har kamfanin ciniki ta kafa a 1859 don riba ta taimaki aikinta a Afirka ta Yamma, kuma daga tsatsonsa UTC ta fito, wadda dattawa suka san kantunanta. A yau wani kan shiga ƙasa a matsayin malamin Turanci ko injiniya ko ɗan kasuwa, albashinsa ya riƙe shi, musamman inda ba a ba da bizar mishan. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman da suka kai Musulunci Gwanja da kurmi a ayarin fatake suka tafi, suna cinikin goro suna karantarwa, kuma har gobe ɗan Tablig da guzurinsa yake fita.

Asibitoci kuwa lissafinsu dabam ne. Abin da ka biya a taga ranar aikin mahaifiya yana cikin abin da ke riƙe asibitin, don a yau kuɗin marasa lafiya ne ƙashin bayan irin waɗannan wurare. Ƙungiyoyi irin su CBM ta Jamus, wadda ta daɗe tana tallafa wa aikin ido a Kano, sukan taimaka da kayan aiki da horar da likitoci. A asibitin Galmi da SIM ta buɗe a Nijar a 1950, likitan da ya zo daga waje ba asibitin ke biyan sa ba, masu ɗaukar nauyinsa na gida ne. Ka cire albashin ƙwararren likitan fiɗa daga lissafin asibiti, ka ga dalilin da farashi ke iya sauka.

Amma fa, Malam, tambayarka ta ɗan makara da wajen shekara hamsin. Leƙa Sabon Gari ranar Lahadi ka ƙirga fararen fata nawa za ka gani. Tun ƙarni na 19 sakataren CMS, Henry Venn, ke cewa burin mishan shi ne majami'ar da za ta ci da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta. Majami'un da SIM ta haifa sun zama ECWA a 1954, kuma a 1976 SIM ta miƙa mata ragamar ayyukanta. ECWA na da nata reshen aika masu bishara, EMS, wanda ya faro tun 1948, Rabaran Panya Baba ya shugabance shi daga 1970 zuwa 1988. Ma'aikatansa sama da dubu ne, 'yan Najeriya, kuma baikon majami'u da zumuntar mata da ɗaiɗaikun masu hali ne ke riƙe su, sau da yawa da ƙyar. Mai bisharar da aka ajiye a ƙauye yakan haɗa da noma kafin ya kai ƙarshen wata. Ƙungiyar CAPRO kuwa a Zariya aka kafa ta a 1975, samari ne masu digiri, wasunsu 'yan hidimar ƙasa, kuma tsohuwar ƙa'idar nan suka ɗauka ta rashin albashi tsayayye.

Su kansu majami'un Sabon Gari, tun da aka kafa unguwar bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, yawancinsu akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar Kudu ne suka gina su da kuɗinsu. Abokin cinikinka mai sayar da kayan mota ko magani yana fitar da ushirin abin da ya samu, ga baikon kowace Lahadi. In ana bikin godiyar kaka wajen ƙarshen shekara, sai a kawo doya da akuya da buhun shinkafa a yi gwanjonsu a harabar coci. Mai shela na zuga, wannan ya taya, wancan ya ƙara, mata na guɗa, har a sayar da doya guda a kuɗin da zai sayi ƙwarya, wanda ya saya kuma wani lokaci ya mayar a sake sayarwa. Daga irin wannan kuɗi ake yin rufi, ake biyan fasto, ake kuma aika wani zuwa Nijar ko Chadi. Har Turai da Amurka ake aikawa yanzu: ƙungiyar St. Paul da Kadinal Dominic Ekandem ya kafa a 1977 tana da fada-fada 'yan Najeriya da ke riƙe majami'u a ƙasashen da a da su ke turo mana.

A nan ne 'yan canjin Wapa suka shigo labarin. Kafin watan Yuni na 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ake aiko wa dala, ko da tsadar kaya ta ci rabonta, bai ji faɗuwar kamar kowa ba. Ɗan Najeriyar da majami'arsa ke tara masa naira yana zaune a ƙasar sefa kuwa, ya wayi gari abin da ake tura masa ya zaizaye ba tare da kowa ya rage masa ko kwabo ba.

Ko ana cin amana a harkar? Ana yi, inda duk kuɗi ya taru mutum na nan. Shi ya sa ƙungiyoyin Amurka suka kafa majalisar sa ido ta ECFA a 1979, wadda ke tilasta wa membobinta binciken asusu. A 2015 ta kori ƙungiyar Gospel for Asia, kuma a 2019 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 37 don kashe ƙarar da masu ba ta kuɗi suka shigar cewa ba a kashe shi inda aka yi musu alkawari ba, ko da yake ba ta amsa laifi ba. A Ingila duk ƙungiyar agaji mai rajista da kuɗinta ya kai wani adadi sai ta miƙa lissafinta ga hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, kowa na iya dubawa a intanet. A Najeriya sai an yi rajista da hukumar CAC, da kuma sashen SCUML na EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram. A Amurka dai doka ba ta tilasta wa majami'u bayyana lissafinsu ga jama'a ba, kuma nan ne masu wa'azin talabijin masu jiragen sama ke fakewa. Waɗannan kada ka haɗa su da likitan da ke kwana a ɗakin tiyata a Galmi, sana'arsu ba ɗaya ba ce.

To, ka koma rumfa ka gaya wa maƙwabtanka: mai maganar gwamnati yana da gaskiya a kan magani da ragin haraji, ba a kan albashi ba. Mai maganar Fafaroma ya faɗi na Katolika kaɗai. Mai cewa attajirai ne ya auna su da ma'aunin naira. Idan kuma wata ƙungiya ce takamaimai kuke son sanin inda take samun kuɗi, ku nemi rahotonta na shekara, masu tsari a cikinsu suna bugawa. A gaida mahaifiya, a kuma kula da ɗiga mata maganin da aka ba ta a kan lokaci.